Daga Sani Zuwa Makirci: Tarihin Kalmomin Wayo a Ingilishi

Bahaushe idan ya ce yaro ya yi wayo, yabo ne, watau ya fara sanin ciwon kansa. Amma idan ya ce wane ya yi mini wayo, to, ƙara ce ya kawo. Ingilishi kuwa ya rarraba wannan ma'ana a kan kalmomi da dama, kuma galibinsu da yabo suka fara kafin su gangara zuwa zargi.

Mu fara da cunning. Tushenta shi ne aikatau cunnan na tsohon Ingilishi, ma'anarsa sani, kuma daga gare shi ne kalmar can ta fito. Saboda haka a ƙarni na 14 mutumin da aka kira cunning masani ne ko gwanin sana'a. Har a fassarar Baibul ta zamanin Sarki James, wadda ta fito a 1611, da wannan kalma ake yabon masassaƙa da masaƙa da makaɗa. Amma a 1612, shekara ɗaya tak bayan haka, sai ga Francis Bacon ya fitar da maƙala a kan kalmar, inda ya ɗauke ta a matsayin karkatacciyar hikima, ya kuma raba mai ita da mai hikima ta gaskiya. Ashe ke nan ma'anonin biyu sun yi zaman kishiyoyi a gida ɗaya, kafin amarya ta kori uwargida.

Me ya jawo haka? A ƙauyukan Ingila na wancan zamani akwai waɗanda ake kira cunning men da cunning women, masu ba da magani da duba da nemo kayan sata, kusan dai abin da mu za mu kira bokaye. Jama'a na zuwa wurinsu, malaman coci na la'antarsu, majalisa kuma ta yi dokokin hana sihiri a 1542 da 1563 da 1604. Ba na cewa su kaɗai suka ɓata sunan kalmar. A ganina dai sun nuna inda cutar take: wanda ya san abin da maƙwabcinsa bai sani ba, ana bukatarsa, ana kuma tsoronsa.

Hanyar da sly ta bi ke nan. Daga harshen mutanen Sikandinebiya ta zo, waɗanda suka zauna a arewaci da gabashin Ingila tun ƙarni na 9, kuma da can tana ɗauke da ma'anar gwaninta. Haka crafty, wadda tushenta ke nufin ƙarfi da iyawa. A Jamusanci har yau Kraft ƙarfi ne. Ita kuwa artful, mai fasaha take nufi, amma yau duk wanda ya ji ta sai ya tuna da yaron nan ɗan sane na littafin Oliver Twist, wanda Charles Dickens ya fitar a 1838.

Kalma ɗaya ce ta yi tafiyar baya-baya. Shrewd daga shrew ta fito, wata 'yar dabba mai kama da jaɓa wadda aka ɗauka tana da dafi, don haka ma'anarta ta fari ita ce mugu. Sannu a hankali muguntar ta zube, kaifin basira ya rage. Yau idan aka kira ɗan kasuwa ko alƙali shrewd, an yaba masa ne. Wannan ya kamata mai rubuta rahoton shekara a kan ma'aikaci ya kiyaye, domin ƙamus na iya ba shi wayo a gaban shrewd da cunning duka biyu, alhali ɗaya na kai mutum ga ƙarin girma, ɗaya kuwa na sa a ɗauke masa makullin baitulmali.

Saura clever, wadda ta fi su duka santsi. Ta daɗe tana kalmar karkara a gabashin Ingila, har Samuel Johnson a ƙamusunsa na 1755 ya ƙidaya ta cikin ƙasƙantattun kalmomi. Ta shiga birni daga baya, amma ba ta taɓa kai matsayin wise ba. Ni kaina, ina karatun digiri na uku, malamina ya taɓa rubuta clever a gefen wani babi nawa. Na yini ina murna, sai wani abokin karatu Bature ya fahimtar da ni cewa an ce hujjar ta yi ƙyalli ne, ba a ce ta tsaya da ƙafarta ba.

Wanda ya fi ni shan wannan kalma shi ne Iain Macleod, Sakataren Ƙasashen Mallaka na Biritaniya daga 1959 zuwa 1961, wanda a zamaninsa Nijeriya ta sami mulkin kai. A watan Maris na 1961, a Majalisar Dattawan Ingila, Lord Salisbury, mai goyon bayan Turawan da suka zauna a Rodeshiya, ya soki yadda yake tafiyar da shawarwari da su, ya ce da shi too clever by half, watau wayonsa ya wuce kima. Bai kira shi maƙaryaci kai tsaye ba, amma kowa ya ji abin da yake nufi. Kafin shekarar ta ƙare an sauya wa Macleod muƙami, kuma laƙabin ya bi shi har rasuwarsa a 1970.