Inda Fayil Yake Kwana: Nazarin Manhajojin Zana Tafiyar Aiki ga Masu Rubuta Manhaja a Akra

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta manhajojin zana tafiyar aiki da ake girkawa a kwamfuta da takwarorinsu da ake buɗewa a burauza, ta fuskar masu rubuta wa kamfanoni manhaja a unguwannin Kokomlemle, Nima da Maamobi na Akra. Ta nuna cewa wurin ajiye fayil ya fi kamannin manhajar muhimmanci.

Gabatarwa

Kafin banki ya sa a rubuta masa manhaja, sai an zana yadda aikin zai gudana daga farko har ƙarshe. Ƙa'idar da aka fi bi wajen wannan zane ita ce BPMN 2.0, wadda ƙungiyar OMG ta fitar a 2011, ta kuma zama ma'aunin ISO/IEC 19510 a 2013. Da'ira tana nuna fari ko ƙarshe, akwati aiki ne, alama mai siffar lu'ulu'u kuwa mararraba ce inda ake yanke hukunci. Zanen yana zaune ne a fayil na XML, wanda injin kamfani zai iya karantawa ya aiwatar.

Tattaunawa

Harajin E-Levy ya isa misali. A Mayun 2022 Ghana ta ɗora kashi 1.5 cikin ɗari kan tura kuɗi ta waya, ban da sidi 100 na farko a kowace rana. Ga mai zane, wannan sabuwar mararraba ce: shin abin da mai tura kuɗi daga kasuwar Nima ya aika yau ya haura sidi 100? In ya haura, a cire haraji a kan ragowar. A Janairun 2023 aka rage shi zuwa kashi 1, a Afrilun 2025 aka soke shi baki ɗaya. Sau uku ke nan ana taɓa zane guda, kuma kowane gyara sai akanta da lauya sun sa ido. Nan burauza ta yi zarra. Da Signavio, wadda SAP ta saya a 2021, ko Web Modeler na Camunda 8, akanta yana buɗe zanen ya rubuta sharhinsa ba tare da ya girka komai ba.

Sai dai burauza ba ta da amfani in layi ya yanke. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gabar Kodebuwa, hukumar sadarwar Ghana ta NCA kuma ta ce gyara zai ci aƙalla makonni biyar. Duk wanda zanensa ke ajiye a rumbun wani kamfani a Turai ya ga tasku. Mai Camunda Modeler ko draw.io a kan laftof kuwa ya ci gaba da aiki. Haka ma a zamanin dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, da ya yi ƙamari a 2015, batirin laftof kan riƙe mutum bayan na'urar intanet ta ofis ta mutu.

Abin da masu muhawara a kan wannan zaɓi kan manta shi ne Camunda Modeler na kwamfuta an gina shi ne da Electron, wato burauza ce aka naɗe, kuma yana amfani da bpmn-js, injin zanen da ke cikin na intanet. Fuskar kusan ɗaya ce. Bambancin shi ne na kwamfuta yana ajiye fayil kusa da lambobin manhajar, a shigar da shi Git, a ga wanda ya sauya wane layi da yaushe.

Sakamako

Ga ƙaramar tawaga a Kokomlemle, ya fi dacewa fayil na asali ya zauna a Git, a riƙa gyara shi a kwamfuta, a bar burauza don bita da waɗanda ba su rubuta manhaja. Duk zanen da ya ƙunshi bayanan abokan ciniki kuma, a duba Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, kafin a ɗora shi a rumbun da ke wajen ƙasa.