Wuyan Garaya da Wuyan Jita

Idan hunturu ya kankama a ƙasar Bagwai, itace yakan tsuke saboda bushewar iska, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake. Shi ya sa ƙananan ƙarafan nan da ake kafawa a gicciye a wuyan jita suke turo baki ta gefe, su riƙa kartar yatsun makaɗi. Sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin magagari an rage kaifinsu, a bi da sanfefa mai laushi har su yi sheƙi, a kuma kiyaye kada a ci bisansu, domin in ɗaya ya gaza 'yan'uwansa tsayi, tsirkiya za ta taɓa na gabansa, amo ya ɓaci. Da yawa suna ganin wannan baƙuwar sana'a ce da ta zo da jita. A ganina kayan ne baƙi, aikin kuwa tsoho ne a wurinmu.

Hujjar tana cikin garaya, kiɗan maharba da 'yan bori, wadda ƙauyukan arewacin Kano suka sani tun kafin a ji sunan jita. Mai haɗa ta yakan fafe itace, ya rufe da fata, ya soka sanda ta zama wuya, ya ɗaura tsirkiya biyu. Ba ta da kunnuwan murɗawa. Da tsinken fata ake ɗaure tsirkiyar a jikin sandar, in ana son ɗaga amo a ja ɗaurin sama, in ana son sauke shi a turo shi ƙasa. To a nan gwanintar take. Sandar da ta yi kaushi za ta ci fatar ta kuma ji wa yatsa ciwo, wadda ta cika santsi kuwa ɗaurin zai zame ana tsakiyar kiɗa. Dole a kankare ta da wuƙa, a goge, a shafa da tafin hannu, a sake gogewa, har a sami tsaka-tsakin da ido ba ya gani. Tun kafin sanfefa, masassaƙa a Afirka ta Yamma suna amfani da ganyen wani irin ɓaure mai kaushi wajen goge itace da ƙwarya. Haka ake kula da wuyan molo da na gurmi, har da kuntigin Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, mai tsirkiya ɗaya tak.

Wani zai ce ai rashin ƙarafan nan a garaya alama ce ta ƙarancin kayan aiki. Wannan magana ba ta da tushe. Birnin Kano, inda Kasuwar Kurmi take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), mai maƙeran baƙi da na fari, ba zai rasa wanda zai ja siririn ƙarfe ya kafa a sanda ba. Ba a bukace su ba ne. Ƙarafan jita suna yanka amo gida goma sha biyu daidai wa daida, garaya kuwa bin muryar mawaƙi take yi, hawa da saukar karin Hausa, don haka yatsa yana son filin zamewa. Udun Larabawa ma ba shi da su. Banjo, wanda bayin da aka kwasa daga Afirka suka haifar a ƙasashen Amurka, shi ma da wuya sumul ya fara, sai a ƙarshen ƙarni na 19 ƙarafan suka zama ruwan dare a jikinsa.

Gaskiya ne goge itace daban, goge ƙarfe daban, kuma mai haɗa garaya ba zai iya daidaita ƙarafan jita ba sai ya koyi awonsu. Amma alƙalin aikin biyu ɗaya ne, wato yatsan makaɗi, kuma sanin inda za a tsaya da guga shi ne abin da ya fi wuyar koyo. Matasan da ke sha'awar gyaran jita a Kano su nemi dattawan da suka rage suna haɗa garaya a Bagwai da Bichi da Shanono, su zauna a gabansu tun suna raye.