Kibiyar Bargu da Kibiyar Amurka: Tarihin Harbi Mai Samun Nama

Maharban dā sun san cewa ba ƙarfin hannu ke kashe nama ba. Mutum yana iya jan baka har tsirkiya ta kai kunnensa, amma idan kibiya ta fita a karkace, sai ta goge cinyar gwanki ta wuce, dabba kuwa ta shige kurmi da rauni, ta mutu inda kura da ungulu kaɗai za su same ta. Wannan matsala ta dami mutanen ƙasar Bargu shekaru ɗaruruwa, ita ce kuma ke damun mafarautan barewa a Amurka yau. Kowannensu ya nemo mata magani irin nasa.

Paraku da Jugu a kan hanyar Gwanja

Paraku da Jugu, wanda fatake ke kira Zugu, garuruwa ne a arewacin ƙasar Benin, wadda dā ake kira Dahomi. Paraku tana cikin Bargu, ƙasar da manyan sarakunanta ke zaune a Nikki da Busa. Jugu tana yamma da ita, tafiyar kilomita wajen 130. Hausawa sun san garuruwan nan biyu ta dalilin goro. Ayari yakan tashi daga Kano da kanwa da tufafi da fatun jima, ya haye Kwara, ya bi ta Nikki da Paraku da Jugu, har ya kai Salaga a ƙasar Gwanja. A Jugu sarki yana zaune a unguwar Kilir, baƙi 'yan kasuwa kuma a unguwar Wangara. Har wa yau akwai unguwar Zango a Paraku.

Baturen nan Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama cikin shekarar 1826, yana dawowa daga Gwanja, mutum fiye da dubu da dabbobin kaya masu yawa. Madugu yakan biya sarakunan hanya kuɗin wucewa, duk da haka ba ya tafiya sai da 'yan baka a cikin ayari, gama mahara sukan yi kwanto a dajin Bargu. Abin da fatake suka fi tsoro shi ne kibiyar mutanen ƙasar, domin ko kaɗan ta taɓa jini, mutum ba shi da tabbacin kai zango na gaba.

Yadda ake yin kibiyar

Bakan Bargu na itace ne guda, gajere, tsirkiyarsa ta fata ko jijiya da aka murza. Kibiyar kuwa ƙarama ce, tsawonta bai wuce kamu ɗaya da ɗan abu ba. Jikinta kyauro ne, kanta ƙarfe ne da maƙeri ya ƙera siriri, da kunnuwa masu kallon baya domin kada ta fita in ta shiga. Ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi, kamar yadda ake yi a Turai da Asiya. Abin da ke miƙar da ita cikin iska shi ne nauyin ƙarfe a gaba da rashin nauyin kyauro a baya: kai yana ja, jiki yana bi.

Saboda haka aikin maharbi yana farawa tun kafin ya shiga daji, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Yakan yanko kyauro bayan damina, ya shanya a inuwa, ya zaɓi waɗanda kaurinsu ya zo ɗaya. Wanda ya lanƙwashe sai ya ɗumama shi a bakin wuta, ya miƙe shi da yatsu, ya ɗaga ya duba da ido ɗaya. Sa'an nan ya cusa wutsiyar ƙarfe a tsakiyar kyauron sosai, ya naɗe bakin da jijiya domin kada ya tsage. Idan ƙarfe ya zauna a gefe ko da kaɗan ne, kibiya za ta yi ta rawa a iska. Yakan naɗe gindin kuma, inda tsirkiya ke shiga. Bayan duk wannan, ba ya harbi daga nesa. Yakan lura da inda iska ke kaɗawa, ya rarrafa, ya matso nama kamar taki ashirin ko talatin kafin ya saki.

Dafi

Kibiya ƙarama haka ba ta isa ta kashe ɓauna ko gwanki da rauninta kaɗai ba. Dafi ne ke ƙarasa aikin. Ana haɗa shi da 'ya'yan kwankwani, wani tsiro mai naɗo wanda masana ke kira Strophanthus. Akan daka 'ya'yan, a dafa har ruwan ya yi kauri ya yi baƙi, a ƙara wasu abubuwa da kowane gida ke ɓoye sirrinsu, sa'an nan a shafa a wuyan ƙarfe bayan tsini. Dafin yana bin jini ya kama zuciya, ya hana ta bugawa daidai har ta tsaya. Maharbi yakan bi sawu da ɗigon jini, in ya tarar da nama ya faɗi sai ya yanke tsokar da ke kewaye da raunin ya yar, a ci sauran.

Likitocin Turai sun yi mamakin wannan tsiro. Wani malamin magani a Edinbara, Thomas Fraser, ya bincika irinsa da aka kawo daga kogin Zambezi, cikin 1885 kuma ya nuna cewa in aka ba da kaɗan ƙwarai yana taimakon mai ciwon zuciya. Abin da ke kashe ɓauna ya zama magani a asibiti.

A nan ne dabarar Bargu take. Tun da kibiyar ba ta da gashi, ba ta da tabbas daga nesa, amma dafi yana rufe kuskuren maharbi. Ko a cinya ta samu, nama zai faɗi, sai dai ya ɗan yi nisa.

Kibiya a fagen yaƙi

Abin da ya ciyar da mutanen Bargu, shi ya tsare ƙasarsu. Askiya Muhammadu na Sanwai ya kawo musu yaƙi wajen shekarar 1505, ya koma da hasarar manyan jarumawansa. Rundunonin Gwandu ba su ci Nikki ba bayan jihadi. Dawakai ba su da amfani sosai a kurmi inda maharbi ke ɓoye a bayan itace, gama kibiya ɗaya ta isa ta kayar da doki da mahayinsa. Amma a fili labari yakan sāke. Wajen shekarar 1837 sarkin Nikki, Sero Kpera, ya kai wa Alafin na Oyo gudunmawa a yaƙin Ilori, aka kashe shi a can, rundunarsa ta watse.

Turawa ma sun ɗanɗana. Cikin 1894 Ingila da Faransa suka yi tsere domin samun yarjejeniya da Nikki. Lugga, wanda daga baya ya zama gwamnan Nijeriya, ya riga isa cikin watan Nuwamba, Bafaranshen nan Decoeur ya iso bayansa da makonni biyu ko fiye kaɗan. A cikin tafiyar nan mahara suka faɗa wa ayarin Lugga, kibiya mai dafi ta huda hularsa ta kafe a ƙashin kansa. Aka cire ta da ƙyar, ya sha makarin da mutanensa suka ba shi, ya rayu. Ranar 14 ga Yuni 1898 ƙasashen biyu suka raba Bargu: Busa da Kayama ga Ingila, Nikki da Paraku ga Faransa.

Sa'ad da Faransa ta matsa wa mutane da haraji da aikin tilas da ɗibar samari zuwa yaƙin duniya na ɗaya, Bio Gera ya ta da tawaye a Bargu cikin 1916, mutanensa da yawa da baka da kwari. An kashe shi cikin watan Disamba na shekarar, kusa da Bembereke. A duwatsun Atakora, arewa da Jugu, Kaba ya yi ta faɗa har 1917. Kibiyar da ke bukatar taki talatin ba ta iya ja da bindigar da ke kisa daga taki ɗari biyar ba. An kafa wa Bio Gera babban mutum-mutumi a Kwatano cikin 2022.

A fagen farauta kuma bindigar toka ce ta ture baka, musamman da maƙera suka koyi ƙera ta a gida. Jirgin ƙasa ya iso Paraku cikin 1936, gari ya cika, gonaki suka ci daji. Gwamnati ta keɓe gandun Penjari, ta mai da shi wurin da ba a farauta cikin 1961. Manyan namun daji suka ragu a kewayen Paraku da Jugu, masu sanin haɗa kibiya suka ragu tare da su.

Bakan da ke da ƙafafun juyi

Sa'ad da baka ke mutuwa a Bargu, a Amurka farfaɗowa take yi. Wani likita, Saxton Pope, ya koyi harbi daga Ishi, ɗan asalin ƙasar Kalifoniya da ya fito daga daji cikin 1911. Littafin da Pope ya buga cikin 1923 ya jawo mutane da yawa. Jihar Wiskonsin ta keɓe wa 'yan baka lokacin farautar barewa na kansu cikin 1934, sauran jihohi suka bi. Sa'an nan Holless Allen, mutumin Mizuri, ya sa wa baka ƙafafun juyi a kan bakinsa biyu, da igiyoyi masu ratsa juna. Ya nemi takardar mallakar dabarar cikin 1966, aka ba shi cikin 1969. Amfaninta shi ne, in an ja tsirkiya har ƙarshe nauyin yana raguwa da kashi 65 zuwa 85 cikin ɗari, mai harbi ya tsaya ya auna a natse. Kibiyar tana iya tafiyar mita 90 cikin daƙiƙa ɗaya.

Doka ta hana dafi a kusan dukan jihohin. Saboda haka maharbin Amurka yana dogara ga kan kibiya mai faɗi, mai reza biyu ko uku ko huɗu, nauyinsa giram shida da rabi ko takwas. Dole ya ratsa huhu ko zuciyar barewa mai farar wutsiya, wurin da faɗinsa bai fi faranti ba. Amma rezojin nan kamar fukafukai ne a gaban kibiya. Idan ta bar baka a ɗan karkace, iska ta kama su ta kauce da ita. Kibiyar gwaji mai tsini kawai tana ɓoye wannan aibi, mai reza kuwa tana tona shi. Mutum sai ya yi wata uku yana samun bara da kibiyar gwaji, ranar farauta ya harbi barewa a tumbi.

Ga yadda suke gyara. Da fari akan zaɓi jikin kibiya wanda taurinsa ya dace da ƙarfin bakan, gama mai laushi yakan lanƙwashe fiye da kima sa'ad da tsirkiya ta tura shi. Akan ɗaura kan, a juya kibiyar a kan tsininta kamar mazari. In ta yi rawa, kan bai zauna a tsakiya ba. Akan duba ko ƙafafun juyin nan biyu suna kai ƙarshe tare. Sa'an nan a miƙe takarda a tsaye, a harba ta cikinta daga mita biyu. Rami zagayayye yana nuna kibiya ta fita sosai. Tsaga zuwa sama ko gefe tana nuna inda gindinta ya karkata. Daga ƙarshe a harba kibiyar gwaji da mai reza a bara ɗaya daga mita ashirin. Idan mai reza ta sauka hagu da ta gwaji, sai a gusa mazaunin kibiya zuwa dama, ƙasa da milimita ɗaya kowane sau. Idan ta sauka ƙasa, a ɗaga mazaunin, ko a saukar da wurin da gindi ke kama tsirkiya. Haka za a yi ta yi har su biyun su sauka wuri ɗaya.

Mai karatu zai lura cewa rabin wannan aiki tsohon maharbin Jugu ya san shi: zaɓen kyauro masu kauri ɗaya, miƙe su, zaunar da ƙarfe a tsakiya, da matsowa kusa. Da dukan na'urarsu, yawancin mafarautan Amurka ba su sakin kibiya sai barewa ta shigo cikin mita talatin, watau kusan nisan da Babarge ke nema. Bambancin yana wajen kuskure. Maharbin Bargu yana da kwankwani da zai ƙarasa masa nama in hannunsa ya kauce. Na Amurka ba shi da kome sai rezar da ya wasa da bakan da ya daidaita, shi ya sa yakan ɓata kwana da kwanaki a gaban takarda kafin lokacin farauta ya buɗe.