Masu Bin Jijiyar Dutse

Damagaram a kan dutse take zaune. Manyan duwatsun Birni sun girmi ganuwar Sarki Tanimun nesa ba kusa ba, domin masana sun ce kimanin shekara miliyan 300 ke nan da suka daskare a cikin ƙasa. A Kara-Kara, unguwar da aka ware wa kutare tun da daɗewa, dutsen nan shi ne tuwon gidaje da yawa. Na sha tsayawa ina kallon masu fasa shi. Gwani ba ya sauke guduma da ka. Sai ya shafa fuskar dutsen, ya bi wani siririn layi da yatsa, ya ce wa yaronsa, "Ga jijiyarsa nan, kafa ƙarfe." In dutsen ya yi gardama, a hura masa wuta ya kwana, da safe a same shi ya dare ta inda aka nuna.

Masana girgizar ƙasa ma jijiya suke bi, sai dai tasu takan ratsa ƙasashe. Sana'ar ta bunƙasa ne bayan girgizar da ta rusa birnin San Francisco na Amurka a 1906. Wani malami, Harry Reid, ya ɗauko tsofaffin littattafan masu awon ƙasa, ya gwada su da sabon awo. Sai ya ga ashe ɓangarorin biyu na tsagar San Andreas sun daɗe suna jan juna a hankali, ƙasa tana lanƙwasa, har ranar da ta ɓalle. Ya buga wannan bayani a 1910. Da ba a adana awon farko ba, da na biyun bai faɗa masa komai ba.

Bayansa aka koma tono. A wani rafi mai suna Wallace Creek, wani masani, Kerry Sieh, ya tarar tsagar ta karkatar da hanyar ruwa da mita 130. Gawayin da ke cikin laka ya nuna shekarun rafin sun kai 3,700. Da aka raba, sai ga kimanin milimita 35 a shekara, faɗin yatsu biyu ke nan. Yau na'urorin GPS suna auna irin wannan tafiya kullum, kuma cibiyoyi kamar GEM da ke Pavia a Italiya suna tattara alƙaluman a taswira ɗaya da kowa zai iya buɗewa a intanet.

Mu ma an auna mu. Matafiyi Heinrich Barth ya sauka Damagaram a Disamban 1852, ya rubuta labarin duwatsunta da ruwanta. A 1906, shekarar girgizar San Francisco, Faransa ta tura Kyaftin Tilho shata iyaka tare da Ingilishi daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi. Ayarinsa ya riƙa duban taurari da dare don tsai da matsayin garuruwa, amma a Paris aka buga sakamakon. Bayan 'yancin kai, masana biyu, Greigert da Pougnet, suka fitar da taswirar duwatsun Nijar baki ɗaya.

Abin da awon ya nuna shi ne tsagoginmu tsofaffi ne, barci suke yi. Amma ko a cikin barcin, su ke riƙe da arzikinmu. Lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka, ƙasa ta tsage a yankin Termit, ta nutse, laka ta cika ramin. Man Agadem da ke bin bututu fiye da kilomita 460 zuwa matatar SORAZ tun 2011 daga nan yake fitowa. Haka ma ruwa. Dutsen garinmu ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsaga, kuma ƙishirwa na cikin dalilan da suka sa aka ɗauke babban birni zuwa Yamai a 1926. Har yau daga Gogo, Arunguza da Ganaram ake jawo mana na sha.

Mai barci kuma yakan juya. Ƙasa ta girgiza Accra a 1939. A Disamban 1983 ta kashe ɗaruruwan mutane a arewa maso yammacin Gini, inda ba wanda ya zata. Ta motsa a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, sannan a Mpape kusa da Abuja a 2018, har hukuma ta dakatar da fasa dutse da nakiya a can. Nijeriya tana da cibiyar sa ido a Toro ta jihar Bauchi.

Ni dai buƙatata ƙarama ce. Duk mai haƙa rijiyar burtsatse yana rubuta zurfin da ya ci karo da tsaga, da yawan ruwan da ta bayar. Na ga an gama aiki a wata unguwa, an naɗe takardar an tafi da ita, bayan 'yan shekaru wasu suka zo suka huda busasshen rami a gefen na farko. Kamata ya yi kwafin kowace irin wannan takarda ya shiga Jami'ar André Salifou da ke nan garin, inda ɗalibi da mahaƙi za su iya dubawa. Mai fasa dutse a Kara-Kara yana nuna wa yaronsa jijiya don kada ya ɓata ƙarfinsa a banza. Mai digiri bai kamata ya gaza shi ba.