Tarihin Matse Iskar Gas da Kama Tururin Mai a Nijeriya

Matse iskar gas da kama tururin mai dabaru ne guda biyu da masana'antar man fetur ke amfani da su domin hana iskar da ke fitowa tare da ɗanyen mai, ko wadda ke tashi daga tankunan ajiya, salwanta a sararin samaniya ko ƙonewa a banza. Ɗanyen mai yana kwance ne a ƙarƙashin ƙasa cikin matsi mai tsanani, kuma a wannan hali iskar gas na narke a jikinsa, ta yadda idan aka jawo shi sama matsin ya ragu sai ta rabu da shi, kamar yadda lemon kwalba ke kumfa da zarar an ɓalle marfinsa. Mafi yawan wannan iska mai rakiyar mai metan ce, wato iska marar launi mai saurin kama wuta, wadda idan ta tsere ba tare da an ƙona ta ba take riƙe zafin duniya fiye da iskar kabon dayoksaid da ninki kusan 80 a cikin shekaru 20 na farko.

A tashar da ake tattara man rijiyoyi, ana bi da shi ta cikin jerin manyan tukwanen ƙarfe waɗanda ke raba mai da ruwa da iska, kowace tukunya da matsin da bai kai na wadda ta gabace ta ba. Iskar da ke fita daga tukunyar farko tana da ƙarfin da za ta iya tura kanta cikin bututu, amma ta tukwanen ƙarshe da ta saman tankuna ba ta da wannan ƙarfi, kuma a nan ne matsalar take, domin manyan bututun gas suna aiki ne da matsin da ya kai bar 70 zuwa 100, alhali bar ɗaya ya kusa daidai da nauyin iskar da ɗan Adam ke shaƙa a bakin teku. Injin da ke cike wannan giɓi shi ne kwamfiresa, wanda ke tsuke iska mai yawa zuwa cikin ɗan ƙaramin wuri, ko dai da fistin mai kai da komo, ko da wasu sanduna biyu masu murɗi da ke juyawa a jikin juna, ko kuma da farfela mai tsananin gudu a manyan tashoshi. Da yake iska na ɗaukar zafi idan an matse ta, ana yin aikin ne hawa-hawa, a sanyaya ta a tsakanin kowane hawa, a kuma tsame ruwan da ya taru kafin ya lalata injin. Na'urar kama tururi kuwa ƙaramar kwamfiresa ce da ake haɗawa da rufin tanki, wadda ke tashi da kanta idan tururi ya taru ta zuƙe shi zuwa bututu, kuma idan an kafa ta daidai tana iya ceto kusan kashi 95 cikin 100 na abin da zai tashi a iska.

Dabarar ta girmi haƙar mai a Nijeriya da shekaru masu yawa. Tun farkon ƙarni na 20 masu rijiyoyi a Amurka suka gano cewa idan aka matse iskar da ke fita daga bakin rijiya aka sanyaya ta, wani ruwa mai kama da fetur yana tsatsafowa, kuma yaɗuwar motoci ta sa wannan ruwa ya yi daraja. A shekarun 1920 aka soma gina tankuna masu rufin da ke yawo a saman man, yana hawa yana sauka tare da shi, don kada a bar sararin da tururi zai taru. Hukuma ta shigo cikin lamarin da ƙarfi a 1947, lokacin da hukumar da ke kula da harkar mai a jihar Texas ta ba da umarnin rufe rijiyoyin filin Seeligson har sai an daina ƙona iskarsu. Norway ta hana ƙona gas na yau da kullum tun farkon haƙar manta a shekarun 1970, ita kuma Saudiyya a tsakiyar shekarun ta soma gina babban tsarin bututu da tashoshin matsewa da ya mayar da iskar filayenta makamashin wutar lantarki da na masana'antu.

A Nijeriya kamfanin Shell-BP ya samu mai a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu, a 1956, aka kuma fara fitar da shi waje a 1958. Tun daga wannan lokaci harshen wuta ya zama alamar kowace tashar mai a yankin Neja Delta, saboda mai ake nema, ba a kuma da kasuwar da za ta sha iskar da ke biyo shi. An yi ɗan ƙoƙari a shekarun 1960, inda aka kai gas ga tashoshin lantarki na Afam da Ughelli da wasu masana'antun Aba, sai dai abin da suka sha bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da ke fitowa, musamman bayan yaƙin basasa lokacin da haƙar mai ta haura ganga miliyan 2 a rana. A farkon shekarun 1970 fiye da kashi 90 cikin 100 na iskar da aka haƙo a ƙasar wuta ce ta cinye ta.

Dokokin haƙar mai na 1969 sun nemi kowane kamfani ya gabatar da shirin yadda zai yi amfani da iskarsa cikin shekaru 5 da fara aiki, amma ba su tanadi hukunci ba, don haka ba su tsinana komai ba. A 1979 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa dokar mayar da iskar gas cikin ƙasa, wato a matse ta a tura ta ta wata rijiya zuwa inda ta fito, abin da ke adana ta kuma yake taimaka wa man ya ci gaba da ɓulɓulowa. Dokar ta sa ranar 1 ga Janairun 1984 a matsayin wa'adin daina ƙonawa. Da wa'adin ya cika ba a shirya ba, sai aka fito da ƙa'idojin da suka yafe wa filaye masu yawa, aka kuma ɗora wa sauran tarar kwabo 2 a kan kowace kiyubik fit 1,000 da aka ƙona, wadda daga baya ta koma kwabo 50, sannan naira 10 a 1998. Duk wanda ya auna wannan tara da kuɗin sayen kwamfiresa da shimfiɗa bututu cikin fadamu da dazuzzukan gaɓar teku zai gane dalilin da ya sa kamfanoni suka zaɓi biyan ta, balle ma da yake suna lissafa ta cikin kuɗin gudanarwa su rage harajinsu da ita. Wani ɓangaren laifin na gwamnati ne, domin kamfanin mai na ƙasa, wato NNPC, ne ke riƙe da kashi 55 zuwa 60 cikin 100 na hannun jarin ayyukan haɗin gwiwa, kuma jinkirinsa wajen biyan kasonsa ya sha tsayar da aikin kafa tashoshin tattara gas. An sake sa wa'adi a 2008, aka kuma sa wani a 2020, duka suka wuce wutar na ci.

Abin da ya rage ƙonawar a zahiri shi ne samuwar masu saye. A 1989 aka kammala bututun Escravos zuwa Legas wanda ya ciyar da tashar lantarki ta Egbin, a shekarar kuma aka yi wa kamfanin NLNG rajista, ko da yake sai a watan Oktoban 1999 jirginsa na farko ya tashi daga tsibirin Bonny ɗauke da gas ɗin da aka sanyaya har ya kai digiri 162 ƙasa da sifili ya zama ruwa. Kamfanin Mobil ya soma mayar da iska cikin ƙasa a filin Oso a farkon shekarun 1990, Chevron kuma ya buɗe masana'antar gas ta Escravos a 1997, sannan aka shimfiɗa bututun Afirka ta Yamma mai tsawon kilomita 678 zuwa Benin da Togo da Ghana, wanda tashar matsewarsa ke kusa da Badagry. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka ya dogara ne da jerin kwamfiresoshi da ke ɗaga iskar tashoshi masu rauni zuwa matsin babban bututu. Ƙididdigar Bankin Duniya, wadda ake tattarawa daga hotunan tauraron ɗan Adam, ta nuna cewa a tsakiyar shekarun 2000 Nijeriya na ƙona sama da kiyubik mita biliyan 20 a shekara, inda Rasha ce kaɗai ke gabanta, amma a farkon shekarun 2020 adadin ya sauko tsakanin biliyan 5 da biliyan 8. Wani kaso na wannan raguwa, in za a yi adalci, ya samo asali ne daga faɗuwar yawan man da ake haƙowa.

A watan Nuwamban 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke birnin Benin ta yanke hukunci a ƙarar da aka shigar a madadin al'ummar Iwherekan ta jihar Delta cewa ƙona gas ya saɓa wa haƙƙin rayuwa da mutunci da tsarin mulki ya tanada, sai dai ba a aiwatar da hukuncin ba. A 2016 gwamnati ta ƙaddamar da shirin sayar wa 'yan kasuwa iskar da ake ƙonawa, a 2018 kuma ta ɗaga tarar zuwa dala 2 a kan kiyubik fit 1,000 ga kamfanin da ke haƙo ganga 10,000 ko fiye a rana, da rabin dala ga wanda bai kai haka ba. Dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta kafa hukumar NUPRC mai sa ido kan haƙar mai, wadda a 2022 ta fitar da ƙa'idojin rage yoyon metan, bayan Nijeriya ta shiga alkawarin da ƙasashe suka ɗauka a Glasgow a 2021 na rage fitar wannan iska da kashi 30 cikin 100 nan da 2030. Da wannan ne hankali ya soma komawa kan iskar da ido ba ya gani, wato wadda ke sulalewa daga rufin tankuna da mahaɗar bututu, har ma da jikin kwamfiresoshin kansu idan abin da ke toshe bakin sandar fistin ya ci.

Babu rijiyar mai ko ɗaya da ke aiki a jihar Zamfara, amma garuruwan arewacinta irin su Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi suna can ƙarshen doguwar sarƙar da ke kai mai daga rijiya zuwa hannun mai saye, inda asarar ke ɗaukar wata siffa dabam. Bayan buɗe matatar Kaduna a 1980, an tsara cewa tataccen mai zai riƙa bin bututu ta Zariya zuwa daffon Gusau, daga nan tankoki su rarraba shi ta hanyar Ƙaura, ko dai zuwa Shinkafi da Isa, ko kuma zuwa Zurmi da Jibiya. Da matatar ta daɗe a tsaye, sai tankokin suka koma yin doguwar tafiya daga kudu. Fetur ruwa ne mai saurin tashi, kuma duk lokacin da aka juye shi daga tanka zuwa rumbun ƙarƙashin ƙasa na gidan mai, ko daga famfo zuwa tankin mota, yakan kori tururin da ya cika wurin, wanda ke fita ta siririn bututun numfashi da ake gani tsaye a bayan gidajen mai. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin yankin ke haura digiri 40, asarar ta fi yawa, haka nan a wajen 'yan bumburutu da ke ajiye mai cikin jarkoki da kwalabe a bakin titi, sana'ar da gwamnatin jihar ta taɓa taƙaitawa a 2021 saboda dalilan tsaro. Tururin yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana haddasa sankarar jini ga wanda ya daɗe yana shaƙarsa. Maganin da California ta fara amfani da shi a shekarun 1970, Tarayyar Turai kuma ta wajabta a 1994, ba shi da sarƙaƙiya, domin tiyo ne na biyu da ke mayar da tururin cikin tankar da ta kawo man, ta koma da shi daffo inda ake kama shi da gawayi na musamman ko a sanyaya shi ya sake zama fetur.

Ta fuskar iskar gas kanta, gidajen yankin har yanzu da itace da gawayi da kara suka fi yin girki, a ƙasar da take da ajiyar gas ta sama da kiyubik fit tiriliyan 200. Gas ɗin girki na tukunya yana isowa ne a mota, kuma a ƙetaren iyaka, cikin Jamhuriyar Nijar, matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 tana tace ganga 20,000 a rana daga filin Agadem, ita ma tana samar da shi. A watan Yunin 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda ake sa ran zai zama sashe na bututun da Nijeriya da Nijar da Aljeriya suka rattaba hannu a kansa a Abuja a 2009 don ratsa Sahara zuwa Turai. Layin bai biyo ta Zamfara ba. Hanyar da ta rage wa garuruwan da ke nesa da shi ita ce matsattsiyar iskar gas da aka fi sani da CNG, wadda ake cusawa cikin tukwanen ƙarfe da matsin bar 200 zuwa 250 a ɗauke ta a tirela, kuma ita ce gwamnatin tarayya ta soma tallata wa direbobi bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Tattalin arzikin wannan hanya ya ta'allaƙa ne da nisan da ke tsakanin babbar tashar matsewa da mai saye, don haka isowar gas Zariya da Kano ta bututu za ta rage tafiyar tirelar da za ta kai shi Gusau da Ƙauran Namoda da ɗaruruwan kilomita.