Cutar da ta ɓuya a bayan hawan jinin ido

A shekarar 1909 wani likitan ido a Kofanhagen, Christian Heerfordt, ya rubuta bayanin majinyata da suka zo masa da zazzaɓi, da kumburi a gindin kunne, da kumburin cikin ido, wasu ma har bakinsu ya karkace. Ya zaci wani nau'in hangum ne. Bai san cewa cutar ta riga ta sami suna ba: shekara goma kafin nan Caesar Boeck na Norwe ya duba wasu ƙuraje na fata da madubin likita, ya laƙaba musu sunan da daga baya ya zama sarkoidosis.

Kowa ya kama gefensa ne. Likitan fata ya ga ƙurji, likitan ido ya ga jan ido. Jörgen Schaumann na Suwidin ne ya nuna tun 1914 cewa cuta ɗaya ce mai yawo a jiki, tana tara ƙananan ƙullutai a huhu da kaluluwa da fata. Sai wajen 1937 Jan Waldenström da wasu suka tabbatar cewa zazzaɓin Heerfordt ma nata ne.

A ido ɓarnarta ta fi dabara. Akwai ruwa da ido ke samarwa kullum, yana fita ta wata siririyar matata a inda baƙin ido ya haɗu da fari. Ƙwayoyin kumburi da ƙullutan sarkoidosis sukan toshe matatar, ko tabo ya manne hanyar. Ruwa ya taru, matsi ya hau, jijiyar gani ta riƙa mutuwa daga gefe, sau da yawa ba tare da zafi ba. Mai awo zai ce hawan jinin ido ne, kuma ya faɗi gaskiya, amma rabinta. Wani lokacin ma cutar kan kama jijiyar kai tsaye, gani ya ci gaba da raguwa alhali matsin ya sauka.

Zuwan kotizon a farkon shekarun 1950 ya ceci idanu masu yawa, sannan ya zo da tasa matsalar. Tsakanin 1963 da 1965 Mansour Armaly da Bernard Becker a Amurka suka nuna cewa ɗiga irin wannan magani na makonni yakan ɗaga matsin ido ga kusan kashi ɗaya cikin uku na mutane. Maganin da ke kashe kumburin shi ne kuma ke iya ƙara matsin. Har yau likita sai ya yi awo ya sake yi kafin ya san wanne ne ya jawo.

Ƙa'idojin gane sarkoidosis na ido sun yi jinkiri ƙwarai. Sai a 2006 masana suka zauna a Tokyo suka tsara su, aka buga a 2009. Cikin sharuɗɗan akwai hoton ƙirji, da gwajin da zai kawar da zargin tarin fuka, domin ƙullutan cututtukan biyu suna kama da juna, kuma a inda tarin fuka ya yawaita shi ake fara zargi.