Nazari Kan Sake Gina Haƙoran Baki Gaba Ɗaya: Matakan Aiki da Abin da Majiyyaci Zai Tarar

Gabatarwa

Baligi yana da haƙora 32 idan an haɗa da turame huɗu na ƙurya da ke fitowa a makare. Idan ɗaya ya ruɓe, ciko ko cirewa ya wadatar. Amma akwai bakin da lalacewa ta game shi: turame sun zube, na gaba sun gutsire, ragowar suna girgiɗi, dasashi na zubar da jini, har mai bakin ya haƙura da nama, in zai yi dariya sai ya kai hannu ya rufe. Irin wannan baki ake sake ginawa sama da ƙasa bisa tsari guda. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 na fama da cututtukan baki, kimanin miliyan 350 kuma ba su da haƙori ko ɗaya. Wannan nazari zai bi aikin mataki-mataki domin ya nuna cewa ƙashi da dasashi ne ke yanke tsawon lokacinsa, fararen haƙoran da ake ɗokin gani kuwa su ne ke zuwa ƙarshe.

Bincike da tsara aiki

Abubuwa huɗu ne suka fi kai baki ga wannan hali: ruɓewar da aka bari ta yi nisa, ciwon dasashi mai cinye ƙashin da ke riƙe haƙori, sudewar haƙora saboda cizon su cikin barci ko tasowar ruwan ciki mai tsami, sai haɗari irin na babur ko mota. Likita na fara gano wanne ne a ciki, domin wanda cizon haƙora ya sude wa baki zai farfasa sababbin ma idan ba a magance cizon ba.

Zaman farko na tambayoyi da hotuna ne. Za a tambayi majiyyaci ko yana da ciwon suga ko hawan jini, ko yana shan taba, ko yana kan maganin tsinka jini ko na ƙarfafa ƙashi. Ɓoye amsa cutar kai ce: sugan da ba a daidaita ba yana hana rauni warkewa, taba na rage jinin da ke isa dasashi, wasu magungunan ƙashi kuma na iya sa muƙamuƙi ya ƙi warkewa bayan an cire haƙori. Daga nan a ɗauki hoton ƙashi, sau da yawa mai nuna tsawo da faɗi da zurfi, don a san kaurin ƙashin, a ga inda jijiyar muƙamuƙin ƙasa ta ratsa da inda kogon iska na gefen hanci ya tsaya.

Akwai kuma awon da majiyyaci bai cika lura da shi ba, alhali duk aikin a kansa ya rataya, wato tazarar da ke tsakanin muƙamuƙin sama da na ƙasa idan an haɗe baki. Wanda haƙoransa suka sude, haɓarsa na matsowa kusa da hanci, fuska ta tsuke, gefen leɓe ya riƙa tsagewa. Dawo da wannan tazara, ko da da milimita biyu ko uku ne, yana sauya yadda tsokar tauna da gaɓar muƙamuƙi ke aiki, don haka ba a yin sa da ka.

Share fage

Kafin a ɗora sabon abu sai an kawar da cuta. Ana wanke dattin da ya daskare a gindin haƙora har ƙarƙashin dasashi, a cire waɗanda ba su da mamora, a cire jijiyar waɗanda za a iya ceto a cike saiwarsu. Likitan kirki ba ya saurin cire haƙori, domin na halitta yana zaune ne cikin wani siririn nama da ke rage masa ƙarfin tauna, yake kuma sanar da mutum ya taka tsakuwa a cikin shinkafa. Haƙorin dashe ba shi da wannan nama. Tun 1981 masanin haƙori na ƙasar Holan, Arnd Käyser, ya nuna cewa haƙora 20 masu haɗuwa da juna na iya isar mutum tauna, saboda haka ba kowane giɓi ne sai an cike ba.

Inda aka cire haƙori ƙashi na zaizayewa, faɗinsa na iya raguwa da kusan rabi cikin shekara guda. Wanda ya daɗe da wawulo yakan buƙaci ƙarin ƙashi, a sama kuma wani lokaci sai an ɗaga ƙasan kogon iska. Wannan kaɗai na iya ƙara wata huɗu zuwa shida ko fiye.

Dashe da jiran ƙashi

Dashen haƙori ƙusa ce ta ƙarfen titaniyom da ake murɗawa cikin ƙashi a madadin saiwa. Likitan Suwidin Per-Ingvar Brånemark ne ya lura a shekarun 1950, yana bincike kan zomaye, cewa ƙashi na manne wa wannan ƙarfe har ya gagara rabuwa, a 1965 kuma ya yi wa mutum na farko dashe a birnin Gotenbag. Mannewar kan ɗauki wata uku zuwa shida, kuma ƙasa ya fi sama sauri saboda ƙashinsa ya fi tauri. Ba kowane haƙori ake yi wa ƙusarsa ba. A tsarin All-on-4 da Paulo Maló na Fotugal ya ɓullo da shi a ƙarshen shekarun 1990, ƙusa huɗu ke ɗaukar jerin haƙoran muƙamuƙi guda, biyun baya a karkace don a kauce wa jijiya da kogon iska. Masu talla kan kira shi haƙora a yini ɗaya, amma abin da ake ɗorawa a ranar na wucin gadi ne.

Yawanci allurar kashe zafi ake yi, wani lokaci a haɗa da ta gyangyaɗi. Kumburi na kai maƙura a kwana na biyu zuwa na uku sannan ya fara saɓewa, yawu kan fito da ɗan jini a yinin farko, ana cire zaren ɗinki bayan mako ɗaya zuwa biyu. Abinci sai mai laushi da ya huce: koko, kunu, faten dankali, ƙwai, kifi. Kilishi, rake, aya da goro sai an jingine su, domin ƙusar da ke motsi tun ƙashi bai kama ta ba nama ne zai kewaye ta, daga baya ta fita. Zazzaɓi, fitar mugunya, zafin da ke ƙaruwa bayan kwana uku, ko leɓen ƙasa da ya ƙi farfaɗowa daga allura, duk dalilai ne na komawa asibiti nan take.

Haƙoran gwaji da na dindindin

Majiyyata da dama na raina haƙoran wucin gadi na roba, alhali su ne gwajin dukan tsarin. Da su ake ganin ko sabuwar tazarar na sa ciwon kai ko gajiyar muƙamuƙi, ko harafin "s" da "f" na fita daidai, ko mutum na cizon kumatu. Gyara a roba aikin mintuna ne, a na dindindin na tangaran ko zirkoniya kuwa yakan kai ga sake ƙerawa. A nan ne ya kamata majiyyaci ya faɗi duk abin da bai yi masa ba, har da launi da tsawo. Sai baki ya zauna ake auna na dindindin. Aikin da babu dashe na iya ƙarewa cikin 'yan watanni, mai dashe da ƙarin ƙashi kuwa yakan kai shekara ko ya zarce.

Kula bayan aiki

Dashe ba ya ruɓewa, amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da shi na kamuwa da cuta, sau da yawa ba tare da zafi ba. Dole a goge baki sau biyu a rana, a sakace ƙarƙashin jerin haƙoran da zare ko ƙaramin burushi, a je dubawa duk wata uku zuwa shida, mai cizon haƙora kuma ya kwana da kariyar roba. Tangaran na iya gutsirewa, ƙaramar ƙusar haɗi na iya kwancewa, duka kuma ana gyara su idan likitan ya san samfurin da aka saka.

Wannan batu ya shafi mutanenmu masu zuwa Masar, Indiya ko Turkiyya neman magani. Aikin ya bambanta da haƙorin Makka da ake sawa a zama guda a dawo gida, domin dashe na buƙatar aƙalla zuwa biyu da watanni a tsakani. Mai tafiya ya dawo da hotunansa da takardar da ke ɗauke da suna da girman kowace ƙusa, ya kuma san likitan da zai ci gaba da duba shi a gida.

Kammalawa

Sake gina baki na dawo wa mutum da tauna da magana da sakin fuska cikin jama'a, kuma dashen da aka kula da shi na yin shekaru masu yawa. Sai dai nasararsa ta dogara ne kan kawar da cuta tun farko, bai wa ƙashi lokacinsa, da tsafta har abada. Duk mai niyya ya tabbatar likitansa na da rajista, ya nemi rubutaccen tsari mai nuna matakai, tsawon lokaci, kuɗin kowane mataki da haƙoran da za a iya ceto, kafin ya yarda a cire masa ko guda ɗaya.